Yadda Ake Cike Ramin Haƙori Ba Tare da Injin Haƙa Ba

A Gwarzo da Kabo, da garuruwan da ke kewaye da su irin su Getso da Garo, mai ciwon haƙori yakan fara da kanumfari, ya koma ƙwayar kemis, sai kunci ya kumbura barci ya gagara sannan ya nufi asibiti. A lokacin buƙatarsa ɗaya ce: a cire. Da yawa daga waɗannan haƙoran, da an gan su da wuri, ciko kaɗai suke bukata. Abin da ke hana cikon a karkara ba ɓoyayye ba ne. Kujerar haƙori da injin haƙa suna son wutar lantarki da mai gyara, likitocin haƙori kuma sun fi yawa a birnin Kano, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Akwai dabarar da aka ƙirƙira saboda irin wannan hali. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, ya fara ta a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da ita ga duniya a 1994. Ana kiranta ART a taƙaice. Da kayan hannu ake kwashe ruɓar, a cike ramin da wani siminti mai suna gilas-ayonoma, wanda yake manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin sinadarin fuloraid mai ƙarfafa shi. A ganina wannan ne ƙarin horon da ya fi cancanta a ba ma'aikatan jinyar haƙori masu rajista waɗanda suka daɗe suna wankin haƙori da taimaka wa likita. Hannunsu ya riga ya san baki. Akan fara koya musu a kan haƙoran da aka cire aka dasa a filasta, sannan su koma kan marasa lafiya a gaban likita.

Matakin farko, kuma mafi nauyi, shi ne zaɓen haƙorin. Ba kowane rami ake cikewa haka ba. Ma'aikaci zai tambaya: "Baba, ciwon yana tashinka da dare? Yana zuwa haka kawai, ko sai ka sha ruwan sanyi?" In sai an sha sanyi ko zaƙi yake tsirawa, ya kuma lafa nan da nan, akwai fata. In kuwa yana zogi da kansa, ko dasashi ya yi ƙurji yana fitar da mugunya, ko haƙorin yana ciwo in an ƙwanƙwasa shi, to ruɓar ta kai jijiya. Rufe irin wannan ramin kulle cuta ne a ciki, kuma kumburin da zai biyo baya ya fi na farko. Wannan sai a tura shi wurin likita. Ramin da ya fi dacewa shi ne wanda ke saman turmin haƙori, inda ake tauna, mai bango ta kowane gefe. Irinsa ne cikon ya fi daɗewa a kai. A yara kuma a lura da turmin dindindin na farko, wanda ke fitowa wajen shekara 6 a bayan haƙoran nono. Iyaye sukan ɗauka na famfara ne, su bar shi ya ruɓe, alhali ba wani da zai maye gurbinsa.

Sai a kwantar da mutum a kan tebur ko benci, da ɗan matashi a ƙarƙashin wuya, ma'aikaci ya zauna ta bayan kansa da fitilar goshi. Kayan aiki an riga an dafa su. Inda babu injin kashe ƙwayoyin cuta, tukunyar matsi a kan risho tana yi. A jera naɗaɗɗiyar auduga a gefen haƙorin don tsare yawu, a goge haƙorin da jiƙaƙƙiyar auduga don ramin ya fito sarai.

Sau da yawa bakin ramin ƙarami ne, cikinsa kuwa da faɗi. Da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki ake faɗaɗa shi, ana murzawa a hankali, ɓawon haƙorin da ba shi da madogara yana karyewa da kansa. Daga nan sai ɗan ƙarfe mai baki kamar ƙaramin cokali ya shiga kwasar ruɓa. Nan ne gwaninta take. Ana farawa da gefuna, daidai inda ɓawon haƙori ya haɗu da ƙashin ciki, a kankare har sai an ji tauri, domin nan simintin zai kama ya toshe hanyar ƙwayoyin cuta. Ƙasan ramin kuwa, wanda ke saman jijiya, da sassauci ake taɓa shi. A kwashe mai laushi ƙwarai, a bar abin da ya ɗan yi ƙarfi ko da launinsa ya yi duhu. Sabon hannu yakan so ya ga rami fes, ya yi ta kankara har ya huda jijiya, haƙorin da aka zo cetonsa ya tafi. Ƙwayoyin da suka rage a ƙasa, in an rufe su ruf ba abinci, ba sa ci gaba da ɓarna. Yawanci ba a buƙatar allurar kashe zafi, shi ya sa yara ba sa gudun aikin.

A wanke ramin da jiƙaƙƙiyar auduga, a tsane shi da busasshiya. A shafa ruwan da ke shirya haƙori don manni na daƙiƙa 10 zuwa 15, a cikin ramin da kuma tsagogin da ke saman haƙorin, a sake wankewa a tsane. In yawu ko jini ya shiga bayan wannan, sai an maimaita. Ba a yi wa wannan ƙa'ida wayo.

Kwaɓin siminti aikin daƙiƙa 20 zuwa 30 ne. A girgiza kwalbar garin simintin, a ɗebi cokali ɗaya a share samansa, a ɗiga ruwan kwaɓa shi ɗigo ɗaya ana riƙe da kwalbarsa a miƙe, bisa ma'aunin da kamfanin ya rubuta. A rufe kwalba nan take, don garin yana shan danshi. Kwaɓin da ya yi daidai yana da kauri da sheƙi. In sheƙin ya dushe, ya fara daskarewa, ba zai kama ba, zubar da shi ake yi. Zafi yana gaggauta daskarewarsa, saboda haka a bazarar yammacin Kano gara a yi aikin da safe, a ajiye kayan a inuwa, a kuma sami mataimaki yana kwaɓawa yayin da ma'aikaci ke tsare haƙori daga yawu.

A cusa simintin kaɗan-kaɗan, a fara da kusurwoyi don kada iska ta maƙale, a cika har ya ɗan tashi, a shimfiɗa ragowar a kan tsagogin. Sai ma'aikaci ya shafa basilin a yatsarsa mai safar hannu, ya danna saman haƙorin da ƙarfi na ɗan lokaci, ya zame yatsar ta gefe, ba ya ɗaga ta sama ba, don kada ya tumɓuke cikon. Dannawar ce ke tura siminti cikin kowane lungu. A kankare abin da ya tumbatsa, a sa takardar gwajin cizo mai launi a ce, "Cije a hankali." Inda launi ya fito da yawa a kan cikon, a rage. Cikon da ya yi tudu yakan fashe, ko ya sa haƙori ciwo wajen tauna. A sake shafa basilin don kare shi daga yawu, a cire auduga, a ce kada a ci komai har awa ɗaya.

Kafin mutum ya tashi, a gaya masa gaskiya cewa ciko ba ya hana wani ramin fitowa in alewa da lemon kwalba da shayi mai tulin sukari suna nan yadda suke. Asuwaki yana da kyau, a haɗa shi da man goge baki mai fuloraid safe da dare. A rubuta sunansa da haƙorin da aka cike, a ba shi ranar dawowa. In an duba aka ga gefen cikon ya ɓalle, akan share wurin, a shafa ruwan manni, a ƙara sabon siminti a kan tsohon.