Darasi: Me Ke Riƙe Ma'aikaci a Bakin Aikinsa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 1991 masana biyu na ƙasar Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun kasa dalilan da ke riƙe mutum a wurin aikinsa gida uku. Akwai mai zama don yana son aikin, akwai mai zama don yana ganin haƙƙi ne a wuyansa, akwai kuma mai zama don kawai in ya bari ba shi da wani abin yi. Na ƙarshen nan jikinsa ne ke zuwa aiki, zuciyarsa tana wani wuri. Shi ne mai makara da safe, mai barin mutane a layi yana hira, alhali ƙarshen wata zai karɓi albashinsa cif.

Suratul Ƙasas, aya ta 26 zuwa ta 28, ta kawo misalin da ya kamata muridi ya tsaya a kansa. A Madyana an ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. An yanka masa shekara 8, in ya cika 10 to kyautatawa ce daga gare shi. Ruwayar Ibn Abbas a cikin Bukhari ta nuna cewa mafi tsawon ya cika. Shi ma dattijon da ya ɗauke shi ya bayyana sharaɗi tun farko, ya kuma ce ba ya nufin tsananta masa. Ke nan haƙƙin yana kan ɓangarori biyu. Maigidan da ke jinkirta lada ko wulaƙanta yaransa, kada ya yi mamaki in zukatansu suka bar shi.

Ya kai ɗan uwa, muraƙaba ba ta ƙarewa a ƙofar zawiya. Malamin makaranta, likita, tela da ɗan kabu-kabu, kowa ya sani awannin da aka biya shi amana ce, kuma abincin da ya saya da kuɗinsu shi ne ƙarfin da yake zikiri da shi. Wanda aikinsa ya ishe shi, ya nemi wani ta hanyar halal. Kafin ya samu, ya cika wanda ke hannunsa.

Allah Ya tsarkake abin da ke shiga cikin bayinsa. Wallahu a'alam.