Hutun Damina a Alƙahira: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

Da zarar makarantu sun rufe a ƙarshen Yuli, iyalan da Allah Ya hore wa sukan kwashi yara su nufi Masar. Wasu suna haɗa hutun da ganin likita, wasu da duba ɗa ko ƙane da ke karatu a Azhar. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda da yawa suke dawowa: akwatuna sun cika maƙil da abaya da takalma, waya ta cika da hotuna, amma ka tambayi yaro me ya gani, sai ya ce maka otal da kantin zamani. An kashe kuɗin da zai sayi fili, an dawo da abin da ake samu a Kantin Kwari. Saboda haka maigida da uwargida, ga magana ba ɓoye-ɓoye.

Kada ku sayi tikiti kafin ku duba takardunku. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 a kansa, na kowa da kowa, har na jinjirin da ke goye. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10. A je a yi allurar da gaske. Sayen katin a bayan fage ha'inci ne, kuma kanku da 'ya'yanku kuka cuta, tunda allura ɗaya ce tak take kare mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Kada ku karɓi saƙon da ba ku buɗe da hannunku ba, ko da daga wa ya fito. Masar ba ta wasa da ƙwayoyi irin su tramadol, an sha ɗaure baƙi a kansu. Mai shan magani kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Ɗan ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, da matasa suke yayi a wajen biki, a bar shi a gida, don shiga da shi ba izini laifi ne. Kada kuma a ɗaga waya a ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko ginin tsaro.

Ku san cewa damina kuka baro, bazara za ku tarar. Lokacin da Kano da Zariya suke cikin marka, Alƙahira ba ta ganin ko ɗigon ruwa, zafi yana kaiwa digiri 35 har ya haura, a Luksor da Aswan kuwa ya wuce 40. Kada wani ya ce ai mu 'yan Sakkwato ne, mun san rana. A gida kun san inda inuwa take, kuma ba ku yawo a kan dutse da tsakar rana. Na ga abin da wannan gangancin yake haifarwa. Mun isa dalar Giza wajen sha biyun rana saboda an tsaya jiran masu kwalliya, kafin mu zagaya dala ɗaya sai ɗan ƙanwata mai shekara 9 ya yi shiru, leɓɓansa suka bushe, ya ce kansa na juyawa, ya sulale ya zauna a kan rairayi. Da jiƙaƙƙen mayafi muka yi ta shafa masa wuya da fuska kafin ya dawo daidai, ranar nan kuma ta tashi a banza. Tun daga nan dokata ɗaya ce: a fita da an idar da sallar asuba an karya kumallo, a koma masauki kafin azahar, a yi ƙailula, a sake fita bayan la'asar. Mutanen garin ma haka suke yi, shi ya sa za ku ga kasuwa tana ci har tsakar dare.

Kowane yaro ya riƙe gorar ruwansa da hularsa. Ruwan kwalba za a sha. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis, idan kuma ya ƙare, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

A bakin dala, kada ku ɗora yaro a kan raƙumi ko doki sai an yanke kuɗin hawa da sauka, an faɗi adadin da baki, an kuma tabbatar fam ɗin Masar ake nufi. Duk wanda ya miƙo muku rawani ko ɗan gunki ya ce kyauta ce, ku ce masa shukran ku wuce ba tare da kun taɓa ba. Amma kada wannan ya sa ku ɗaure wa kowa fuska. Mai share masallaci, mai ajiye takalma, mai ɗaukar kaya, duk suna sa ran ɗan ihsani da suke kira baƙshish, kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba. Ku tanadi canji, ku bayar da sakin fuska. Sannan ku tsaya ku gaya wa yara abin da suke kallo: babbar dalar nan ta yi kusan shekara 4500 a tsaye, tsayinta na asali mita 146, da hannu aka sassaƙa duwatsun aka ɗora.

Kada ku yi mako guda a garin ba ku taka tsohon birni da ƙafa ba. Wannan shi ne laifin da ba na yafewa. Masallacin Azhar an gama gina shi a shekarar 972, kuma ɗaliban ƙasar Barno suna da zaurensu a cikinsa tun ƙarnoni da suka shige. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a wannan gari ya rasu a 1741. Imam Suyuɗi, wanda ake karanta Jalalaini da ya kammala a zaurukan malamanmu duk watan azumi, a nan ya zauna, daga nan kuma ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Yaron da aka tsayar a farfajiyar Azhar aka gaya masa haka, zai san kakanninsa sun iso nan da ƙafa da raƙumi neman ilimi tun kafin a ƙera jirgi. Ku kai su masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879, su hau hasumiyarsa mai matakala ta waje, su kalli garin daga sama. Idan ƙafa ta gaji, lambun Azhar yana kusa. Juji ne na ɗaruruwan shekaru aka mayar da shi lambu, aka buɗe a 2005, kuma da yamma iska tana kaɗawa a can fiye da ko'ina.

Kada a ɗauki ko tsakuwa daga wurin tarihi, kada kuma a sayi wani abu da aka ce tsohon kayan Fir'auna ne. In na jabu ne an cuce ku, in na gaske ne dokar 1983 ta hana fita da shi, gidan yari ne makomar.

Ku ci abincin gari. Wanda ya cika akwati da taliyar yara da garin kwaki don kada ya taɓa na mutane, ya rage wa kansa rabin tafiyar. Yaji kam a tafi da shi, don girkinsu ba barkono sosai. Ku ɗanɗana koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa, ku karya da ful da ɗa'amiyya, wadda 'yar'uwar ƙosai ce. Ku shiga shagon masu matse rake. Ku bar yara su gano da bakinsu cewa karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dom kuwa gorubar nan ce da suke gwagwiya a gida, a can jiƙa ta ake yi a sha da sanyi. Abin da za a guje wa shi ne ɗanyen ganye da ƙanƙarar bakin titi, musamman ga ƙananan yara.

Uwargida, idan za ki shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, akwai taragai a tsakiya da aka keɓe wa mata, ki nufe su. Maigida, kada ka bi ta ciki. Titi kuma ba a tsallaka shi da gudu, a riƙe hannun yara, a bi gefen ɗan gari a tsallaka tare da shi. Wata yamma a ɗauki faluka, kwalekwalen nan mai filafilai, a yi awa guda a kan Nilu gab da magariba, amma kada a sa ƙafar yaro a ciki sai an ga rigar ruwa da ido.

Yanzu ga inda nake so ku fi daɗewa. Kasuwar Khan Khalili kowa yana zuwa, ku je, ku taya ƙasa sosai, in ba a sallama ba ku yi gaba ba tare da faɗa ba. Daga nan ku miƙe kudu zuwa ƙofar Zuwaila, wadda aka gina a 1092. Kuna fita za ku shiga wani lungu mai rufin katako da ake kira Khayamiyya, unguwar masu ɗinkin tanti. Shaguna ne ƙanana a jere, a kowane ɗaya mutum ya tanƙwashe ƙafa, ƙyalle a kan cinya, allura tana shiga tana fita. Na zauna kusa da wani dattijo na kalli hannunsa: ya yanko ɗan ƙyalle ja bai fi faɗin yatsa biyu ba, ya ɗora a kan zane, yana tura bakinsa ciki da tsinin allura yana kamawa, har ganyen fure ya fito, kuma ko ka kusanto da ido da ƙyar za ka ga zare. Da irin wannan aiki ake ƙawata rumfunan biki da na zaman makoki da na buɗa-baki a Masar, ko da yake yanzu yadin da inji ya buga ya cinye yawancin kasuwar. Kada ku sayi na inji da sunan na hannu: ku juya bayansa, na hannu za ku ga sawun ɗinki. Kada ku yi wa mai wannan aiki tayin wulaƙanci, rigar matashi ɗaya tana cin kwanakinsa. Ku nemi izini kafin hoto, ku zaunar da yara su kalla ko na minti 20 ne, ku sayi ƙarami guda ɗaya ya zama abin koyi.

Idan akwai sauran lokaci, ku leƙa ƙauyen Harraniyya a hanyar Saƙƙara, inda wani mutum mai suna Ramsis Wisa Wasif ya fara koya wa yaran ƙauye saƙa a shekarun 1950 bisa sharaɗin ba mai zana musu abin da za su saƙa, ba kuma babban da zai gyara musu. Abin da yaran nan suka saƙa ya kai manyan gidajen tarihi na Turai.

Kun dawo gida, hutu da saura, ruwa yana hana fita. Kada a miƙa wa yara waya da talabijin a ce a huta, a sa su gwada ɗinkin da suka gani a Khayamiyya. Ku je wurin telan unguwa ku roƙi ragowar ƙyallayen atamfa da shadda da yake sharewa, ku sayi yadi 1 na akoko ko wani farin yadi mai kauri, da allurai da zare da almakashi. A wanke ƙyallayen tukuna a goge su, don wanda zai zuba ya zuba tun bai ɓata aiki ba. A ninka takarda gida huɗu, a zana rubu'in fure ko tauraro, a bi layin da tsinin allura ana hudawa, a buɗe ta a shimfiɗa a kan yadin, a ƙulla garin gawayi a tsumma a riƙa bubbugawa a kan hujojin. Kuna ɗaga takardar za ku ga zanen ya sauka ɗigo-ɗigo, sai a bi shi da fensir. Haka masu Khayamiyya suke yi. A yanka kowane ƙyalle ya ɗan fi gurbinsa girma, a kalmasa bakin ciki, a kama da ƙananan ɗinki da zare mai launin ƙyallen.

Kada a fara da labule ko zanen gado, za a gaji a watsar. A fara da abin da bai wuce taku ɗaya ba: rigar matashi, jakar allo, ko murfin da za a ɗora a kan faifai. Kada a kwaikwayi zanen Masar kaɗai alhali muna da namu, ga dagi, ga aska takwas ta babbar riga, ga zanen da magina suke yi a fuskar soro. Aya ko sunan Allah kuwa kada a ɗinka su a kan abin da za a zauna ko a taka. Kada a ce aikin mata ne a kori maza, a can maza ne suke yinsa, a nan ma su waye suke ɗinkin hula da aikin babbar riga? Yaron da bai kai shekara 7 ba a ba shi zane da buga gawayi, allura da almakashi sai da babba a kusa, a kuma ƙirga allurai kafin a tashi, a soke su a ƙyalle ɗaya a ɗaga sama saboda masu rarrafe.

Uwargida, idan ɗinkin yarinya ya karkace, kada ki karɓe ki farke ki gyara mata da dare. Ki nuna mata sau ɗaya a wani ƙyalle daban, ki mayar mata da nata. In ta gama, ta ɗinka harafin farko na sunanta da shekarar a kusurwar baya, a cusa auduga, a ajiye matashin a falo inda baƙi suke zama.