Nonon Saniya Ko Madarar Tsiro: Wanne Za A Ba Iyali?

Jama'a, a makon nan za mu ɗan ajiye maganar huɗa da taki, mu shiga cikin gida mu duba abin da a ke zuba wa iyali a ƙoƙo. A da, in an ce madara, kowa ya san ta saniya a ke nufi, ko ta akuya, ko ta raƙuma can arewa. Yanzu kuwa abin ya yawaita. Ga madarar waken soya, ga kunun aya, ga kunun gyaɗa, ga kuma waɗansu cikin kwali a manyan kantuna, waɗanda aka yi da shinkafa, ko kwakwa, ko wani ɗan itace mai suna almon. Duk farare ne, galibinsu kuma madara a ke ce musu. Mai gida ya fito da kuɗin cefane, sai ya rasa wadda zai saya. To, Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Bari mu aza su a sikeli ɗaya bayan ɗaya.

ABIN DA KE CIKIN NONO

Nonon saniya abincin maraƙi ne, shi ya sa ya ke ɗauke da kusan duk abin da jiki mai tasowa ke bukata. Abu huɗu za mu riƙe. Na fari shi ne abin da ke gina tsoka, wanda likitoci ke kira furotin. Na biyu abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, watau kalsiyam. Na uku mai, wanda ke ba da ƙarfi, a cikinsa kuma bitamin A ya ke, mai taimakon ido. Na huɗu bitamin B12, mai taimakon jini da jijiya. Shi wannan ba a samunsa a tsiro, sai a nono da nama da kifi da ƙwai.

Masana sun auna. Kofi ɗaya na madarar saniya, watau rubu'in lita, yana da furotin wajen giram 8, da kalsiyam wajen miligiram 300. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, da su za mu gwada sauran. Madarar akuya ma kusan haka ta ke, saboda haka wanda ba shi da halin saniya kada ya raina jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Abin da nono ya gaza a kai shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Yaron da ya cika cikinsa da nono kaɗai, ya ƙi tuwo da miya da wake, jininsa na iya raguwa.

MATSALOLIN NONO GUDA UKU

Ta fari, cuta. Ɗanyar madara tana iya ɗauko ciwo daga saniya ta kai wa mutum. Akwai bakkale, wanda ke sa shanu ɓari, mutum kuwa ya sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma tarin fuka na shanu. Ido ba ya ganin ƙwayoyin nan, tsami kuma ba lalle ya kashe su ba. Wuta ce maganinsu. Tun wajen 1860 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya nuna zafi na kashe ƙwayoyin da ke ɓata abin sha, aka kuma ɗauki dabararsa aka yi amfani da ita ga madara. A masana'anta ana zafafa ta har awo 72 na ma'aunin zafi, daƙiƙa 15. A gida kuwa sai a dafa ta har ta tafasa, a bar ta ta huce, sa'an nan a zuba ɗan tsohon nono mai kyau a rufe, ta kwana ta zama kindirmo. Saniyar da aka yi wa allura ko aka ba magani, kada a sha nononta, kada a sayar, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Ta biyu, ciki. A cikin madara akwai wani irin sukari wanda jinjiri ke narkarwa ba wuya. Amma yawancin mutanen duniya, in sun girma, cikinsu ya kan rage iya narkar da shi. Shi ya sa wani in ya sha madara sai cikinsa ya yi ta ƙugi, ya kumbura, ko ya yi gudawa. Fulani makiyaya da yawa sun gaji iya narkar da shi har tsufa, sauranmu kuwa sai a hankali. Amma in madara ta yi tsami, wani kashi na sukarin nan ya riga ya narke, don haka mutum da yawa wanda madara ke damu ya kan sha kindirmo ko fura da nono lafiya lau. Kafin mutum ya ce shi da nono sun rabu, ya gwada kindirmo rabin ludayi tare da abinci tukuna.

Ta uku, ƙaranci. Shanunmu, irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji, suna jure zafi da tafiya, amma nononsu kaɗan ne. A ruga, bayan maraƙi ya sha nasa, sau da yawa abin da a ke tatsa bai wuce lita 1 ko 2 ba a rana, alhali saniyar Turai mai cin abinci sosai tana ba da fiye da lita 20. Shi ya sa a Shika, kusa da Zariya, aka daɗe ana haɗa Bunaji da bijiman Turai, a Tukunus ta ƙasar Nijar kuma ana kiwon zaɓaɓɓun shanun Azawak. Da damina nono ya kan wadata ya yi araha. Da rani ciyawa ta bushe, shanu sun yi kudu, sai ya yi tsada, abin da ya samu ma sau da yawa tsala ce, an cire mai an ƙara ruwa.

MADARAR TSIRO

A cikin na tsiro da muka ambata, madarar waken soya ce kaɗai ta kusa kama ƙafar nono wajen gina jiki. Shi waken, kusan kashi 40 cikin 100 nasa furotin ne, kusan kashi 20 kuma mai. Kofi ɗaya na madararsa mai kauri yana da furotin wajen giram 7. Ba ta da sukarin nan mai ɓata ciki. Inda ta gaza shi ne kalsiyam: ta gida ba ta kai ko rubu'in na nono ba, B12 kuwa babu sam. Ta kwali wani lokaci ana ƙara mata waɗannan, sai a duba rubutun jikinta, a kuma girgiza kafin a zuba, don kalsiyam ɗin ya kan kwanta a ƙasa.

Kunun aya abin marmari ne, ga daɗi ga sanyaya rai, balle in an sa dabino da kwakwa. Manoman ƙasar Maraɗi suna samun kuɗi da aya ƙwarai, har mutanen Balansiya ta ƙasar Sifen ma suna da irin nasu kunun ayar. Amma furotin ɗinsa bai fi wajen giram 2 ba a kofi. A sha don daɗi, kada a lasafta shi cikin abincin da zai gina yaro.

Kunun gyaɗa ya fi na aya riƙe ciki da gina jiki, musamman in an sa gyaɗar da yawa. Sai dai a kula da irin gyaɗar. Wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da wani dafi mai lalata hanta da tauye girman yara. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Dafuwa ba ta kashe dafin nan. A tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci, a zubar. Kada kuma a ba saniyar tatsa, domin dafin yana bi ta cikin nono.

Su kuwa na kwali masu tsada, ta almon tana da furotin wajen giram 1 a kofi, ta shinkafa ba ta ma kai haka ba, ta kwakwa kuwa yawancinta mai ne da ruwa. Akawun da ya ɗebi albashinsa ya sayi waɗannan don 'ya'yansa su yi ƙiba, ya biya kuɗin kwali ne da kuɗin jirgi.

MAGANAR YARA

Nan ne kuskure ya fi tsada. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai a ke ba jinjiri, ko ruwa ba ya bukata. Bayan wata 6 a fara ba shi kunu da sauran abinci mai laushi, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. In uwa ta rasu ko ta kasa shayarwa kafin wata 6, sai a je asibiti a nemi shawara a kan madarar jarirai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da ke tsakanin wata 6 da wata 11, wanda ba ya samun nonon uwa, ana iya ba shi madarar jarirai ko madarar dabba mai cikakken mai. Ta dabbar lalle a dafa ta. Kunun aya da madarar shinkafa da madarar soya ta gida, ba ɗayansu da zai maye gurbin nonon uwa.

Tun a 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta bayyana wa duniya sunan ciwon kwashiyoko, wanda ke kama yaron da aka yaye a kan kunun hatsi zalla. Ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa. Har a Amurka an ga ciwon nan ga yaran da iyayensu suka ɗora a kan madarar shinkafa. Wanda ya ga alamun nan ya garzaya asibiti. Haka kuma yaron da ya yi ƙuraje, ko kumburin fuska, ko amai bayan shan nono ko soya ko gyaɗa, a dakatar, a kai shi likita ya duba.

GA 'YAN KASUWA

Yawancin madarar gari da ta gwangwani da ke kasuwanninmu, da garin madarar ƙasashen waje a ke yinta. Waɗansu cikakku ne. Waɗansu kuwa an cire man shanun, an sa man tsiro a madadinsa, shi ya sa su ke da araha. Akwai kuma garin da aka yi don faranta shayi kawai, wanda kusan duk sukari ne da mai. Mai kanti da mai shayi su karanta rubutun jikin buhu, su gaya wa mai saye gaskiya, musamman macen da ta ce yaro za ta ba. Mai sayar da kunun aya ko madarar soya kuwa ya sani ba sa kwana in babu sanyi. A yi da ruwa mai tsabta, a zuba a gora wankakkiya, a sayar a ranar.

YADDA A KE MADARAR SOYA

A tsince waken, a wanke, a jiƙa shi ya kwana, kamar awa 8 zuwa 12. Da safe a murza a cire ɓawon, a kai markaɗe. Kowane kwano ɗaya na busasshen wake a ba shi ruwa kwano 7 ko 8. A tace da ƙyalle mai tsabta. Sa'an nan a ɗora a wuta, a tsaya a kai ana juyawa don kumfa kada ta zube, a bar ta ta yi ta tafasa minti 15 zuwa 20. Kada a gajarta wannan dafuwa, domin a ɗanyen soya akwai abin da ke hana ciki narkar da furotin, kuma wuta ce ke karya shi, ita ce kuma ke rage ƙarnin wake. Kilo ɗaya ya kan ba da wajen lita 7. Kowa ya tambayi kuɗin mudun soya da na ƙwaryar nono a kasuwarsu, ya yi lissafi da kansa. Dusar da ta rage a ƙyalle kada a zubar. A dafa ta a cikin miya, ko a shanya a ba saniya da kaji. Madarar da ta yi saura kuma a yi awara da ita.

Gidan da ya dogara ga soya sai ya nemi kalsiyam a wani wuri: miyar kuka, da zogale, da riɗi, da tamba, da ƙananan kifi da a ke ci har ƙaya. B12 kuwa sai an haɗa da ƙwai, ko kifi, ko ɗan nama, ko nono ko da sau biyu ne a mako.

SHAWARA GA MANOMI

Manomi shi ya fi kowa sa'a a wannan magana, don gonarsa na iya ba shi duka biyun. Soya tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Waɗansu irin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar suna kuma rage wuta-wuta, saboda haka masarar da ta biyo bayan soya ta kan yi kyau. Ana girbinta da kaka, ta kuma zauna a rumbu har rani, daidai lokacin da nono ke yankewa. Harawarta da dusarta kuma su koma ga saniya ko akuya, su ƙara mata nono.

Saboda haka ga yadda mu ke ganin a tsara. Jinjiri, nonon uwa. Yaro da aka yaye, da mai ciki, da mai shayarwa, da tsoho, su a ke fara ba dafaffen nonon dabba in ya samu, ko da kofi ɗaya ne a rana. In nono ya yi wuya ko ya yi tsada, ko ciki ya ƙi shi, madarar soya dafaffiya ita ce ta biyu, a haɗa da kuka da zogale da kifi. Kunun aya da na kwali kuwa a sha don marmari in aljihu ya yarda.

Wanda bai taɓa shuka soya ba ya nemi malamin gona na yankinsu tun kafin ruwa ya sauka, ya tambayi irin da ya dace da ƙasarsa, ya ware mata ko kadada rubu'i ce ya gwada. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.