Dabarun Masu Talla Da Amanar Kuɗin Cefane

  

Darasinmu na wannan fitowa a kan talla ne. Kuɗin cefane da maigida ya damƙa miki amana ne, kuma kullum akwai masu son raba ki da shi: a rediyo, a talabijin, a WhatsApp, har da dillaliya mai sallama da ƙullin atamfa. Talla ba haramun ba ne, amma fa ilimi ne da ake karantawa a jami'a, kuma wadda ba ta san dabarunsa ba za ta ɗauka ita ta zaɓa, alhali zaɓa mata aka yi.

A shekarar 1929 wani kamfanin taba a Amurka ya ɗauki Edward Bernays don ya jawo mata ga shan sigari, a lokacin da abin kunya ne a ga mace tana busa ta a titi. Sai ya shirya wasu 'yan mata suka fito ranar bikin Ista a birnin New York suna busawa, aka ce wa 'yan jarida wai wutar 'yancin mata ce. Kin ga bai yi maganar ɗanɗanon taba ba, buri ya sayar musu. A 1984 kuma masanin halayyar ɗan Adam, Robert Cialdini, ya tattara irin waɗannan dabaru guda shida a littafinsa Influence. Ukun farko a nan daga cikinsu suke.

Ta farko: "Saura kaɗan." Za ki ji an ce saura turmi biyu, ko yau ne ƙarshen rangwame. Zuciya ta fi jin zafin rasa abu a kan daɗin samunsa, sai gaggawa ta hana ki lissafi. Ai kayan da suka ƙare yau, wasu za su zo mako mai zuwa.

Ta biyu: "Kowa ya saya." Ɗan Adam yana bin taro. Shi ya sa ake jero miki saƙonnin yabo daga masu saye waɗanda ba ki san su ba, kuma ankon biki ma ta wannan ƙofa yake shigowa. Musulunci ya riga ya san wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa Manzon Allah (S.A.W) ya hana najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don wani ya ruɗu.

Ta uku: farar riga. Idan mai kama da likita ya yi magana, sai mu sallama. A shekarun 1970 an kama wasu kamfanonin madarar jarirai suna tura 'yan talla cikin kayan nas-nas zuwa ga masu jego a ƙasashe matalauta. Iyaye suka bar nono, suka dama madara da ruwa marar tsafta, jarirai da dama suka mutu da gudawa. Wannan ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallan madarar jarirai a 1981.

Ta huɗu: farashin farko. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun buga wani gwaji. An juya wa mutane faifan lambobi ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Masu 10 suka ce kamar 25, masu 65 suka ce kamar 45, alhali lambar ba ruwanta da tambayar. To haka idan aka fara ce miki leshi dubu 80 ne, aka bar miki a 55, sai ki ga kin yi tsintuwa ba tare da kin san ainihin kuɗinsa ba.

Ta biyar, wadda ta fi cutar da mu: tsoro. Masu kayan mata da man bilicin sukan fara da tsorata ki da kishiya, ko su ce maigida ya gaji da ke. Sai sun buɗe ciwon sannan su miƙo magani. Wasu mayukan kuwa akwai sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda.

Da yawanmu kuma muna sana'a a gida, don haka darasin ya hau kanmu. Ki yabi kayanki da abin da ke cikinsu, wannan halas ne. Amma Manzon Allah (S.A.W) ya hana a tara nono a hantsar dabba don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, kuma ya ba shi damar mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Hoton da aka gyara har launin atamfa ya sauya, ɗan uwan wannan ne. Hadisin Abu Huraira kuma ya nuna rantsuwa tana sayar da haja amma tana share albarka. Saboda haka "wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba" ba abin wasa ba ne.

Mene ne abin yi? Ki rubuta buƙatunki kafin ki fita ko ki buɗe waya. Duk abin da ba ya cikin takardar, ki bar shi ya kwana. Ki taya a wuri biyu ko uku. Magani ko man shafawa, ki duba lambar NAFDAC, ki kuma tambayi ma'aikacin lafiya na gaskiya. Sannan ki tambayi kanki: jiya, kafin in ga tallan nan, ina buƙatar abin?

A Suratul Furƙan aya ta 67 Allah ya yabi bayinsa masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa. Allah ya sa mu cikinsu, ya albarkaci sana'o'inmu da gidajenmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.