Sai da Izinin 'Yan Sanda Ake Zanga-zanga?

Tambaya: Mu 'yan kasuwa ne, muna so mu yi tattaki zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma saboda hanyarmu da ta lalace. An ce sai mun nemi izinin 'yan sanda, har mu biya kuɗin man motocinsu. Ina gaskiyar maganar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, doka ba ta ɗora muku neman izini ba. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin taruwa cikin lumana. A da, 'yan sanda kan fake da wata dokar tarurruka ta 1979, kuma da ita suka kafa hujja lokacin da suka watsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa a Kano cikin Satumban 2003. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, lauya Femi Falana ya tsaya musu. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007 cewa sharaɗin izini ya saɓa wa tsarin mulki.

Abin da ya kamace ku shi ne sanarwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce idan aka sanar da su, wajibinsu ne su ba da tsaro, ba ta kuma yanka wani farashi ba. Ku rubuta takarda, ku faɗi rana da hanyar da za ku bi, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Kuɗin da zai fita aljihunku daban ne: hayar lasifika da janareta, kwalaye, ruwan leda, motar ɗaukar wanda ya jigata, ga kuma cinikin yinin da za ku rasa. Kada ku yi ƙwauron kuɗin abu biyu: lauyan da zai zauna cikin shiri, da matasa masu riguna iri ɗaya da za su tsare gaba da bayan ayari. Kun ga yadda ɓata-gari suka kutsa zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 a Kano, aka fasa shaguna, aka sa dokar hana fita. Sashe na 45 na tsarin mulki ya ba hukuma damar taƙaita taro idan zaman lafiya ya shiga haɗari.

Ku haɗa kuɗin da karo-karo, a rubuta kowace naira. Ɗan siyasar da ya biya muku lasifika zai so a ji muryarsa a cikinta.