Ana Iya Ɗaukar Hoton Mafarki?

Wani malamin makaranta daga Jiratawa, a jihar Maraɗi, ya aiko yana tambaya: shin ana koya wa ɗalibai ɗaukar hoton abin da suka gani a mafarki?

To Malam, ana yi, kuma an daɗe ana yi. Wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Wendy Ewald, ta koyar da yaran ƙauyukan jihar Kentaki wannan aiki, har aka tattara hotunansu cikin littafi a 1985. Sai dai kyamara ba ta kama mafarki, shirya shi ake yi kamar wasan kwaikwayo.

Ga yadda ake yi: da safe yaro ya rubuta mafarkinsa, ya zaɓi fage ɗaya. In ya ga yana tashi sama, abokinsa ya yafa farin zane ya daka tsalle a lambu, shi kuwa ya kwanta ƙasa ya ɗauko shi da wayar salula. Hasken la'asar sakaliya ya fi dacewa.

Amma a nemi izinin iyaye tukuna, kuma kada a matsa wa yaro ya faɗi mummunan mafarki. Da fatan Malam ya gamsu.