NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: UWA, KAKA, MALAMA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisi wanda ma'anarsa ke nuna cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ya yi tsawon rai, aikinsa kuma ya kyautata. Malamai sukan kawo wannan hadisi a wa'azi, amma galibi da maza suke buga misali. To, darasin wannan mako a kan mace yake, watau Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da su.

An haife ta a Ɗagel cikin 1793, ita da ɗan'uwanta Hassan, tagwaye. Bisa al'ada Husaina ya kamata a kira ta, amma Shehu ya sa mata Asma'u. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, saboda haka ta ga yunwa da gudu da mutuwar mutane tun tana yarinya. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da tauhidi da tasawwufi a gidan mahaifinta, ta kuma iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, Allah Ya ba su 'ya'ya maza. Ɗanta Abdulƙadir ya riƙe wazirci tun tana da rai. Jikanta Muhammadu Buhari shi ne Waziri sa'ad da Turawa suka zo cikin 1903, shi ne kuma mahaifin Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997.

Da a nan labarinta ya tsaya, da sai a ce uwar wazirai ce, shi ke nan. Amma ba ta yarda ɗawainiyar gida ta zama hujjar barin ilimi ba, ba ta kuwa bar gidan ya lalace saboda ilimin ba. Shehu ya riga ya zargi malaman zamaninsa cikin littafinsa Nurul Albabi, saboda suna karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala da salla ba. 'Yarsa ce ta mai da wannan zargi ya zama aiki.

Ga matsalar da ta tarar. Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata waɗanda ba su san kome daga addini ba sai suna, da yawansu kuwa bori suka tashi suka tarar. Matar aure mai goyo da girki ba ta da halin barin ɗakinta ta yi tafiyar kwana da kwanaki neman karatu. To, wa zai kai mata? Sai Nana ta duba ta ga akwai waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya, watau tsofaffi waɗanda suka gama haihuwa da reno, da 'yan mata ƙanana waɗanda ba a kai ga aurar da su ba. Daga kowane gari takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan irin wadda Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa ce. Alamar da mata suka saba girmamawa ita aka ɗauka aka ɗora a kan mai koyar da salla, wannan kuwa hikima ce babba.

Jaji takan jagoranci ayarin mata, waɗanda ake kira 'yan taru, su zo da ƙafa har gidan Nana, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu da zane, a raba wa mabukata. Su zauna su koyi karatu, sa'an nan su koma su koya wa matan aure cikin gidajensu. Da yake yawancinsu ba su iya karanta takarda ba, sai ta mayar da darussa waƙa, domin abin da aka rera ba ya saurin ɓacewa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin waƙa guda. Ta mayar da waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta yi Waƙar Gewaye a kan tarihin Shehu da jama'arsa, ta kuma yi wata a kan salihan mata tun daga matan Annabi har zuwa na ƙasarta. Mace tana daka ko tana kaɗi, tana kuwa bitar tauhidi.

Abin lura a nan shi ne, tsohuwar da a gidaje da yawa ake ganin ta gama amfani, a bar ta da carbi da jiran jikoki, ita ce ginshiƙin wannan makaranta. Shari'a ba ta yanke shekarun da neman ilimi ko koyar da shi yake faɗuwa daga kan mace ba. Gidan da ya hana kaka magana a kan tarbiyya ya rufe makarantar da ba a biyan ko kwabo.

Tsawon rai kuwa yana da nasa nauyi, domin mai shi ne yake binne na kusa da shi. Shehu ya rasu cikin 1817, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello cikin 1837, daga baya mijinta Giɗaɗo. Ta yi musu waƙoƙin makoki, amma ba manya kaɗai ta tuna ba. Ta yi wa jajinta Hauwa'u, ta yi wa wata mata Zaharatu wadda ta yaba da taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. Wace littafin tarihi zai ambaci irin waɗannan bayin Allah, in ba don ita ba?

Ta rasu cikin 1864 tana da shekara 70 da ɗoriya, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar 'yan taru, bayanta kuma Tamodi. Cikin 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta cikin kundi guda, ita Boyd kuwa ta sami taimako mai yawa daga Waziri Junaidu, tattaɓa-kunnen Nana. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, amin.